Mudun Rana Zai Auna Sauran Taurari Kuwa?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan tukunyar kunu tana kan wuta ya san yadda tafasa take. Zafi ya taso da wani sashe daga gindin tukunya, ya kumbura a sama, ya baje, ya huce, sa'an nan ya gangara ta gefe ya koma inda ya fito. Fuskar rana haka take in an dube ta da babban madubin hangen nesa. Hotunan farko da madubin Daniel K. Inouye na tsibirin Maui a Hawai ya fitar a watan Janairun 2020 sun nuna ta kamar an shanya hatsi a tabarma, ƙwayoyi masu haske, kowace da baƙin zare a kewayenta. Faɗin ƙwaya ɗaya yakan kai kilomita 1,000 ko ya wuce. Tsakiyarta iskar gas ce mai zafi da ke tasowa, baƙin zaren kuma wadda ta huce ce take nitsewa, cikin kamar minti 10 ta watse wata ta maye gurbinta. Wannan tafarfasa ta nitsa kimanin kilomita 200,000 cikin rana, kusan kashi 30 cikin 100 na tazarar da ke tsakanin fuskarta da cibiyarta, kuma ta nan ne zafin da aka haifa can ciki yake ƙarasa tafiyarsa zuwa waje. Babu mahalukin da ya taɓa kallon tauraro tun daga haihuwarsa har mutuwarsa. Saboda haka duk lokacin da aka ce tauraro kaza shekarunsa biliyan kaza, daga samfurin lissafi aka samo maganar, kuma a cikin wannan samfuri sashen da ya fi kowane rauni shi ne na tafarfasa.

Dabarar da ake amfani da ita har yau tsohuwa ce. A 1925 Ludwig Prandtl, masanin kwararar ruwa da iska a Gottingen ta Jamus, ya kawo shawarar a ɗauka cewa curin ruwa yakan yi wata 'yar tafiya a dunƙule kafin ya narke cikin abin da ke kewaye da shi. Ludwig Biermann ya shigar da tunanin cikin nazarin taurari a farkon shekarun 1930, sai Erika Böhm-Vitense, tana aiki a Kiel, ta tsara shi a 1953 da 1958 a siffar da kusan kowace manhajar rayuwar taurari take ɗauke da ita. Ana iya kiranta ƙa'idar zangon gauraya: curin gas mai zafi ya taso, ya ci zango guda, ya sauke zafinsa, ya ɓace. Tambayar da ƙa'idar ba ta iya amsawa ita ce tsawon zangon. Sai aka rubuta shi a matsayin wani ninki na tazarar da matsin iska yake raguwa a cikinta, aka sa wa ninkin suna alfa, aka bar shi a buɗe. Hanyar cike gurbin ita ce a auna shi da rana, domin ita kaɗai ce tauraron da aka san nauyinta da faɗinta da haskenta ƙwarai, aka kuma san shekarunta, biliyan 4.57, daga duwatsun da ke faɗowa daga sararin samaniya. Mai lissafi zai ɗauki samfuri mai nauyin rana, ya tsufar da shi zuwa wannan shekaru, ya yi ta murɗa abubuwa uku, wato yawan hiliyam na farko, da yawan sinadarai masu nauyi, da alfa, har sai haske da faɗi da haɗin sinadaran fuska sun yi daidai da na ranar gaskiya. In ya ƙara alfa, zafi ya fi saurin fita, samfurin ya tsuke, fuskarsa ta ƙara zafi. In ya rage, ya kumbura ya huce. Adadin da ake samu yakan faɗo tsakanin 1.5 da ɗan abin da ya haura 2, gwargwadon manhajar da aka yi aiki da ita. Daga nan sai a ɗauki wannan mudu da aka yanka a kan rana a shiga auna kowane tauraro da shi, babba da ƙarami, tsoho da yaro.

A nan gardamar take. Masu suka suna da hujja biyu, ta farko a kan hoton da ƙa'idar ta zana, ta biyu a kan mudun kansa. Tun daga shekarun 1980 Åke Nordlund na Kofanhegan da Robert Stein na Jami'ar Jihar Michigan suka fara kwaikwayon saman rana a kwamfuta ta fuska uku, tsawo da faɗi da zurfi, ba tare da sun cusa wani zango da hannu ba. Abin da ya fito bai yi kama da curin da ke tashi ya narke ba. Gas mai zafi yana tasowa a hankali, a yalwace, wanda ya huce kuwa yana sauka da gudu ta siraran hanyoyi masu haɗuwa da juna yayin da suke nitsewa, kuma sanyin da ake samu a fuska ne yake jan ragamar aikin. Ƙwayoyin da kwaikwayon ya samar sun yi kama da na hoto ƙwarai da gaske. Da aka faɗaɗa aikin zuwa wasu taurari, kamar yadda Regner Trampedach da abokan aikinsa suka yi a 2014, da Zazralt Magic da nasa a 2015, sai aka tambayi kowane kwaikwayo alfa nawa zai ba da irin wannan sakamako, aka tarar adadin yana sauyawa da zafin fuska da ƙarfin jan nauyi. Taurari ma da kansu sun ba da shaida. Alfa Sentauri A da B, maƙwabtanmu a tazarar shekarar haske 4.4, suna zagaya juna cikin kusan shekara 80, don haka an san nauyinsu sosai, kuma tare aka haife su daga gajimare ɗaya. Meridith Joyce da Brian Chaboyer sun nuna a 2018 cewa in ana son samfuri ya dace da duka biyun a shekaru ɗaya, sai an ba A alfa da ya gaza na rana, B kuma wanda ya fi na rana. Tagwaye ne masu kama da rana, amma mudunta bai zauna daidai a kan ko ɗaya ba. Shekara guda kafin nan Jamie Tayar da ƙungiyarta sun binciki jajayen ƙattin taurari fiye da 3,000 da kumbon Kepler ya saurari girgizarsu, suka ga zafin fuskar da samfuri yake bayarwa yana karkacewa daga wanda aka auna gwargwadon ƙarancin sinadarai masu nauyi a tauraron, suka kuma yi gargaɗin cewa wannan karkata na iya sa shekarun da aka lissafa su kauce wa na gaskiya har da ninki biyu.

Masu kare tsohuwar ƙa'ida ba su musanta ko ɗaya daga cikin wannan ba, kuma shi ya sa amsarsu take da nauyi. Sun ce ba don sun yarda akwai curin da ke cin zango suke amfani da ita ba, don babu abin da zai ɗauki kayan da take ɗauka ne. Kwaikwayo mai fuska uku na saman rana yana rufe ɗan akwati ne mai faɗin kilomita dubbai kaɗan, yana kuma bin abin da ya faru cikin sa'o'i. Rayuwar tauraro irin rana kuwa shekara biliyan 10 ce kafin ma ya fara kumbura. Tsakanin sa'o'i da shekara biliyan 10 akwai ramin da babu kwamfutar da za ta tsallake shi a nan kusa, ko da an tara duk na duniya. Mai nazarin tarihin damin taurarinmu yana bukatar samfuri dubbai, kowane daga haihuwa zuwa tsufa, kuma manhajoji irin su MESA, wadda Bill Paxton ya jagoranci fitar da ita a 2011, suna iya ba shi wannan ne kawai saboda sun matse tauraro zuwa layi ɗaya daga cibiya zuwa fuska. Hujjarsu ta biyu ta fi wannan kaifi. A zurfin yankin tafarfasa gas yana da kauri, yana ɗaukar zafi cikin sauƙi, har yadda zafin yake raguwa daga ƙasa zuwa sama ya kusan zama daidai da abin da dokokin zafi da matsi suka tanada ko da wane alfa aka zaɓa. Inda alfa yake da ta cewa shi ne siririn ɓawo na sama mai kaurin kilomita ɗaruruwa kaɗan. Aikinsa ke nan, ya haɗa fuska da zurfi. In adadi ɗaya ya isa ya yi wannan haɗi, ina ruwan mai lissafi da ko labarin da aka ba da don samar da adadin tatsuniya ne? Suna kuma da abin nunawa. Tun da Robert Leighton ya gano a farkon shekarun 1960 cewa fuskar rana tana bugawa kusan duk minti 5, aka samu hanyar leƙa cikinta da sauti, kamar yadda ake leƙa cikin ƙasa da girgizarta. A 1991 Jørgen Christensen-Dalsgaard da Douglas Gough da Michael Thompson suka auna gindin yankin tafarfasa a 0.713 na tazarar cibiya zuwa fuska, kuma samfuran ƙarshen shekarun 1990, da tsohuwar ƙa'idarsu, sun faɗo kusan daidai a wurin, saurin sauti a cikinsu bai sha bamban da na gaskiya ba sai da ɗan abin da bai kai rabin kashi ɗaya cikin 100 ba.

Wannan nasara ce ta gaske, amma ba ta tabbatar da abin da ake so ta tabbatar ba. Wurin da tafarfasa take tsayawa a ƙasa ya dogara ne galibi a kan yadda gas yake tare haske, wanda shi kuma ya dogara a kan yawan oksijin da niyon da ƙarfe da sauransu. Alfa kuwa an riga an murɗa shi don faɗin rana ya fito daidai, saboda haka fitowar faɗin daidai ba shaida ba ce, biyan abin da aka saya ne. Abin da ya fi damuwa shi ne cewa alfa, da yake shi ne abin murɗawa, yakan haɗiye duk kuskuren da ke wasu wurare. In teburin tare haske ya karkace, ko an ɗinka sararin saman tauraro a jikin samfuri ta hanyar da ba ta dace ba, alfa zai gyara zama ya rufe ɓarakar, rana ta fito lafiya lau, kuskuren kuma ya bi mudun zuwa wani tauraro inda ba lallai ne ya rufu ba. Wannan ne dalilin da ya sa alfan manhaja ɗaya ba ya aiki a wata, kuma dalilin da ya sa ba a iya ɗauko adadin da kwaikwayo mai fuska uku ya bayar a dasa shi kai tsaye. Ko sakamakon Tayar bai tsira daga wannan ba, domin Maurizio Salaris da wasu sun nuna a 2018 cewa wani ɓangare na karkatar yana raguwa in an lura da bambancin haɗin sinadaran tsofaffin taurari, wasu kuma suka nuna cewa sauya yadda ake ɗinka sararin sama kaɗai na iya motsa zafin jan ƙaton tauraro da kusan digiri 100. Ana ce da abin alfa, alhali taron kurakurai ne suka sa riga ɗaya.

Abin da ya faru bayan 2004 ya nuna haka a fili, kuma kowane ɓangare yana jan labarin zuwa gidansa. Martin Asplund da abokan aikinsa sun sake auna sinadaran fuskar rana da samfurin sarari mai fuska uku, suka tarar kabon da naitirojin da oksijin ba su kai yadda aka ɗauka ba. A jadawalinsu na 2009 jimlar sinadarai masu nauyi ta sauko zuwa kimanin kashi 1.3 cikin 100 na nauyin gas, alhali a jadawalin 1998 ta kusa 1.7. Da aka zuba sababbin adadin cikin samfuri, aka sake murɗa alfa kamar kullum, haske da faɗi suka fito daidai, tun da dole su fito. Amma gindin yankin tafarfasa ya hau zuwa wajen 0.723, kusan kilomita 7,000 sama da inda sauti ya nuna, saurin sauti a ƙarƙashinsa kuma ya kauce da kusan kashi ɗaya cikin 100. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Masu kare tsohon tsari suka ce ga sabuwar dabara ta ɓata abin da yake zaune. Masu suka suka ce zaman da yake yi na ƙarya ne, kurakurai biyu ne suka share juna. A 2015 James Bailey da tawagarsa, a ɗakin gwaji na Sandia da ke New Mexico, suka dafa ƙarfe zuwa kusan digiri miliyan 2, suka tarar yana tare haske fiye da lissafi da kashi 30 zuwa 400 cikin 100 gwargwadon launin hasken, abin da zai iya cike kamar rabin giɓin. A 2022 Ekaterina Magg da nata abokan aikin suka sake awon da wata hanyar suka samu adadin da ya koma kusa da na da, kuma ƙwayoyin nutirino na rana da na'urar Borexino ta kama a ƙarƙashin dutsen Gran Sasso na Italiya sun fi karkata ga adadi mai yawa. Har yau ba a rufe maganar ba. Darasin da ya shafi muhawararmu shi ne cewa a duk waɗannan shekaru saitin rana bai taɓa ƙin aiki ba. An ba shi sinadarai da yawa ya karɓa, an ba shi kaɗan ya karɓa. Gwajin da ba ya iya faɗuwa ba ya iya ba da shaida.

Sai dai wanda ya ɗauka cewa kwaikwayo mai fuska uku shi ne alƙalin da zai raba gardama, ya yi gaggawa. Hargitsin da ke cikin rana ya kama daga guguwa mai faɗin kilomita dubu ɗaruruwa zuwa 'yan ƙananan juyi da ba su wuce faɗin tafin hannu ba, kwamfuta kuwa tana ganin manyan ne kawai, ƙananan ta shafe su da dabarun lissafi waɗanda su ma da hannu ake saita su. A saman fuska, inda akwai hoto da za a gwada, aikin ya yi kyau. A zurfi labari ya sha bamban. A 2012 Shravan Hanasoge da Thomas Duvall da Katepalli Sreenivasan sun yi amfani da bayanan kumbon SDO na hukumar NASA, suka ce manyan igiyoyin tafarfasa a cikin rana sun gaza abin da kwaikwayo da tsohuwar ƙa'ida duka suka hango, da tazara mai yawa ƙwarai. Wata ƙungiyar ta sake awon a 2015 da wata hanya ta samu gudu mai ƙarfi, aka koma kwan-gaba kwan-baya. Ga kuma wani abin kunya ga masu son a dogara da kwaikwayo: jadawalin Magic ya nuna alfa yana ƙaruwa in sinadarai masu nauyi suka ragu, alhali awon taurari na gaskiya, na Tayar da wani na daban na Joyce da Chaboyer a kan taurari masu ƙarancin ƙarfe, ya nuna yana raguwa. Shaidu biyu da aka kira don su tuhumi mudun rana sun yarda yana da laifi, amma ɗaya ya ce cikawa yake yi, ɗaya ya ce tauyewa.

Ni a ganina duk wannan ja-in-ja a kan alfa ya janye hankali daga wurin da ɓarnar ta fi girma, wato bakin iyaka. Tun 1906 Karl Schwarzschild ya ba da sharaɗin da ke nuna inda gas zai fara tafarfasa da inda zai daina, Paul Ledoux kuma ya ƙara masa gyara a 1947. Amma sharaɗin yana nuna inda turawa ta ƙare ne, bai ce motsi ya tsaya a nan ba. Curin da ya iso iyaka da gudu zai zarce, kamar amalanken da aka saki a gangare. Ƙa'idar Böhm-Vitense ba ta da abin faɗa a nan ko kaɗan, domin a kowane mataki abin da ke wurin kawai take dubawa. A taurarin da suka fi rana nauyi da kamar kashi 20 cikin 100 zuwa sama, cibiyar ce take tafarfasa, kuma duk zarcewar da aka yi tana jawo sabon haidirojin cikin murhu, ta tsawaita rayuwar tauraro da kashi 10 ko 20 cikin 100, wani lokacin fiye. Don haka aka ƙirƙiro wani abin murɗawa na biyu. Wannan kuwa ko mudun rana babu a kansa, tun da cibiyar rana ba ta tafarfasa. Da tagwayen taurari masu shiga gaban juna ake auna shi, kuma da Antonio Claret da Guillermo Torres suka ce a 2016 yana ƙaruwa da nauyi har zuwa kusan ninki biyu na rana sa'an nan ya daidaita, ba a daɗe ba wasu suka amsa cewa bayanan ba su da kaifin da za su ɗauki wannan hukunci.

Matsayina shi ne a ci gaba da aiki da tsohuwar ƙa'ida, domin da babu gara ba daɗi, amma a daina ɗaukar alfan rana a matsayin sanannen abu. A bar shi ya yi yawo cikin iyakar da kwaikwayo da awon taurari suka nuna, a bar na zarcewa shi ma ya yi yawo, sa'an nan duk faɗin da wannan ya ƙara wa kuskuren shekaru a rubuta shi a gaban adadin. Za a ce wannan zai mayar da awo mai kaifi ya koma dakusasshe, tauraron da aka ce an san shekarunsa da kuskuren kashi 5 ya koma na kashi 15 ko 20. Haka ne, amma kaifin farko na aro ne, an same shi ne ta hanyar ɗaure abin da ba a sani ba a ce an sani. Za a kuma ce in an saki alfa, samfuri zai dace da kowane tauraro, ya rasa ƙarfin hasashe. Wannan ƙorafi yana da ƙarfi, kuma amsarsa ita ce a nemi ƙarin shaidu da za su ɗaure shi daga waje. Akwai su. Girgizar taurari da kumbunan CoRoT da Kepler da TESS suka tattara tana ba da nauyi da faɗi ba tare da dogaro mai yawa a kan alfa ba, awon kumbon Gaia yana ba da nisa, madubai masu haɗa haske suna auna faɗin taurari na kusa kai tsaye. A ɓangaren lissafi kuma, Andreas Jørgensen da Jakob Mosumgaard da abokan aikinsu sun nuna a 2018 cewa ana iya yanke siririn ɓawon saman samfuri a ɗinka masa wanda aka samo daga kwaikwayo mai fuska uku a kowane mataki na rayuwar tauraro, kuma hakan ya gyara tsarin ɓawon da ke sa sautukan samfuri su saɓa wa na rana. Wannan ɗinki ya rage ikon alfa a sama, inda kwaikwayo yake da ƙarfi. Bai taɓa gefen cibiya ba, inda abin murɗawa na biyu yake zaune yana yanke wa manyan taurari shekaru, kuma inda babu hoton da za a gwada da shi kamar wanda aka ɗauka daga Maui.